Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alƙalami a zauren wani dattijo daga cikin dattawan zangon Kumasi. Ni nake rubuta masa wasiƙu, ni nake ajiye littafin sulhu, kuma duk takardar da ta zo daga hukuma ni nake karanta masa. A cikin shekara akwai makonnin da na fi jin nauyinsu, su ne makonnin da jami'o'i ke fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka. A kwanakin nan tabarmar zaure ba ta hucewa. Uba zai shigo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da Baba, ɗansa na tsaye a baya riƙe da takardar sakamako a cikin leda. Sai ka ji ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan likita yake son zama, an ce idan ka sa hannu a wasiƙa za a duba shi." Baba ya karɓi takardar ya miƙo mini. Ni kuwa ina dubawa sai in ga yaron bai taɓa zama a ajin kemistiri ba ko na kwana ɗaya. Ko wasiƙa ɗari muka rubuta, ko Sarkin Zango da kansa ya ɗauke ta ya kai, babu mai buɗe masa wannan ƙofa, domin an rufe ta shekara uku da suka wuce, a ranar da babu wanda ya lura a gidansu.

Wannan ranar nake so mu yi magana a kanta.

A nan Ghana yaro yana yin shekara shida a firamare, ya yi uku a ƙaramar sakandare wadda ake kira JHS, sannan ya zauna jarrabawar BECE yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar. Tun daga 2005 kwamfuta ce ke rarraba yara zuwa manyan sakandare. Akan ba kowane yaro fam ya cike: makarantun da yake so bi da bi, ko kwana zai yi ko jeka-ka-dawo, da kuma sashen karatun da zai shiga. An kasa makarantun rukuni-rukuni, kuma ana taƙaita adadin da zai zaɓa daga rukunin A. A rukunin nan ne ake samun irin su Prempeh da Opoku Ware da Yaa Asantewaa a nan Kumasi, da Achimota da Presec a Akra, da Mfantsipim da Wesley Girls a Cape Coast. Iyayenmu, idan ma sun duba fam ɗin, sunan makaranta suke dubawa. Layin da ya fi komai nauyi shi ne na sashen karatu: kimiyya ce, ko kasuwanci, ko fannin adabi da zamantakewa, ko tattalin gida, ko noma, ko zane, ko aikin fasaha. Da zarar yaro ya shiga sashe, fita daga cikinsa abu ne mai wuyar gaske.

Bayan shekara uku sai jarrabawar WASSCE. Jami'a darussa shida take ƙirgawa, uku daga cikin waɗanda kowa ke yi, uku daga na sashen da yaro ya zaɓa. A1 maki ɗaya ne, B2 biyu, a haka ake gangarawa, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba. Abin da ya yi ƙasa da C6 ba a karɓarsa a neman digiri. Mafi kyawun jimilla shida ce, kuma mai neman likitanci a Legon ko a Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda muke kira Tek, sai tasa ta tsaya a kan shidan nan ko dab da ita. Ban da haka dole ya kasance ya yi bayoloji da kemistiri, da fiziks ko lissafi mai zurfi. Mai son injiniyanci kuwa, idan babu fiziks da lissafin nan mai zurfi a takardarsa, an gama magana. Tun da aka mai da babbar sakandare kyauta a watan Satumba na 2017 yaran da ke kammalawa sun ƙaru ƙwarai, kujerun ajin likitanci kuwa ba su ƙaru da wannan gwargwado ba. Ƙofar sakandare ta yi faɗi, cunkoson ya koma bakin ƙofar jami'a.

Ba daga nesa nake kallon wannan al'amari ba. Shekarar da ɗana na fari ya kai aji uku na JHS, muna tsakiyar wata rigimar gado da ta hana mu barci ni da Baba. Yaron ya kawo mini fam da daddare bayan isha'i, ya ce malaminsu ya ce gobe za a karɓa. Na sa hannu ina tsaye. Ni da nake bin takardar filin wani layi-layi da yatsa kafin in bari ya dangwala, ban karanta ta ɗana ba. Ashe sashen kasuwanci ya rubuta, saboda abokinsa ya ce masa ya fi sauƙi kuma za su zauna aji ɗaya. Wannan yaro ne da tun yana ɗan shekara tara ba a barin rediyo kusa da shi, sai ya kwance ta ya mayar. Ya ci jarrabawarsa da kyau, ya zo ya ce mini, "Baba, injiniyan lantarki nake so." A ranar na fahimci abin da na sa wa hannu. Ya karanta lissafin kuɗi, yau yana aiki yana riƙe da iyalinsa, mun gode wa Allah. Amma duk Asabar za ka tarar da shi a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabta fanka da dutsen guga kyauta, ni kuwa in na fito na gan shi sai in sauya hanya.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, ai komai rabo ne. Haka ne, kuma ni almajiri ne, da allo na fara, na yi sauka, na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a gaban malamai kafin in koyi Turanci a makarantar dare ina da gemu. Ban zo in yi jayayya da ƙaddara ba. Tambayata ita ce, don me ba ma faɗin haka a kan saukar Alƙur'ani? Babu uban da ke jira ɗansa ya kai shekara goma sha takwas sannan ya je wurin malam ya ce a yi masa alfarma a sauke shi a mako mai zuwa. Tun yana ɗan shekara biyar ake wanke masa allo. Uban da bai iya ja da baƙi ba ma yana sane da izun da ɗansa ya kai, yakan tsaya a ƙofar makaranta ya gai da malam ya tambayi yadda ake ciki, yakan tashe shi da asuba domin tilawa, kuma tun saura shekara guda ya fara kiwon ragon walima. Mu muka san cewa izu sittin ba a haɗiye shi a dare ɗaya. Wannan tarbiyya ta shiri tun da wuri gadonmu ce, kakanninmu sun taho da ita tare da jakunan goro ta hanyar Salaga. Abin mamaki shi ne da an zo kan boko sai mu ajiye ta, mu koma jiran wasiƙar dattijo.

Saboda haka kada wani uba ya ce mini shi bai yi boko ba, babu abin da zai iya. Ba a ce ka koya wa yaro lissafi ba. An ce tun yana aji ɗaya na JHS ka san sunan malamin ajinsa kamar yadda ka san sunan malaminsa na allo. Ka je makarantar da ƙafarka a farkon zango, ka tambayi malamin inda yaron ya fi ƙarfi da inda yake ɗingishi. Idan an kawo katin sakamako kada ka tsaya a kan na nawa ya zo, ka sa a karanta maka makin lissafi da kimiyya da Turanci ɗaya bayan ɗaya, domin su ukun nan ne za su bi shi har ƙofar jami'a. Turanci musamman shi ne ramin da yaranmu suka fi faɗawa. Yaro ya tashi da Hausa a gida, da Twi a kasuwa, da Larabci a makaranta, da Turancin titi a wurin abokai, harsuna huɗu a bakinsa, amma a ce ya rubuta shafi biyu na tsaftataccen Turanci sai gumi ya karyo masa. Na ga takardu da yawa masu A1 a darussa masu wuya, D7 guda a Turanci ta zubar da su duka, yaro ya koma zaman jarrabawar Nuwamba da Disamba shekara bayan shekara. Maganin wannan littattafan labari ne na hannu da ake sayarwa a gefen titi a Kejetia da kuɗin da bai kai na katin waya ba, a fara saya masa tun yana firamare.

Daga Aboabo ko Asawase zuwa Tek tafiyar motar trotro ce ƙanƙanuwa, amma akwai yaranmu da suka girma ba su taɓa tsallake ƙofar jami'ar ba, suna ganin ta kamar wata ƙasa ce ta wasu mutane. Ka ɗauki ɗanka wata rana ku shiga, ya ga ɗakin karatu, ya ga masallacin ɗalibai, ya ga 'yan mata da hijabi riƙe da farar rigar ɗakin gwaji. A unguwar kowa akwai ɗalibi ɗaya ko biyu da suka riga suka shiga. Ka neme su, ka ba su shayi, su zauna da yaron su gaya masa abin da ake nema. Abin da ɗan jami'a zai gaya wa ƙaninsa cikin rabin sa'a ya fi wa'azina na wata guda shiga kunne.

Sai maganar 'yan mata, kuma a nan ina roƙon iyaye mata su yi mini haƙuri. Na san tukunyar wake da shinkafa da ake ɗorawa tun kafin kiran assalatu ita ce ke ciyar da gidaje da yawa a zango, ita ke biyan kuɗin haya, ita ke sayen rigar makarantar ma. Ba ni da bakin zargin matar da ke tsaye a gaban wuta tun ƙarfe uku na dare. Amma yarinyar da ta tashi tare da ke a wannan lokaci, ta wanke tukwane, ta kai koko da ƙosai bakin titi, sannan ta ruga makaranta, barci take yi a darasin farko, kuma darasin farko sau da yawa lissafi ne. Ita kuma ake so ta yi takara da yarinyar da aka kai makaranta a mota. A gidan nan kuwa akwai yayyenta maza biyu ko uku da ke kwana a majalisar ataya suna gardamar ƙwallon Ingila. Ban ce a kashe sana'a ba. Na ce a shekara biyun ƙarshe kafin BECE a sauke wa yarinya kayan asuba a ɗora wa waɗannan ƙarti, kuma uba ne zai faɗa, domin uwa ita kaɗai ba za su ji ta ba.

Akwai kuma iyayen da suka farka, amma farkawar ta zarce da su wani gefe. Da yaro ya shiga JHS sai su cire shi daga makarantar Alƙur'ani gaba ɗaya, wai kada ta raba masa hankali, Asabar da Lahadi duk a tafi ƙarin darasi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Yaron da ya saba da hadda ya riga ya koyi zama wuri ɗaya da maimaita abu har ya zauna, kuma abin da ajin kimiyya ke nema ke nan. Abin da ya kamata shi ne a fara da wuri yadda zai yi sauka kafin ya shiga aji biyu na JHS, sannan a watannin jarrabawa uba ya je ya zauna da malam a rage masa nauyi, a bar masa tilawa. Malamanmu na zaure su ma su sassauta, su daina ɗaukar wannan roƙo a matsayin raini. Ba ma fatan likitan da ranar da mahaifinsa ya cika sai an nemo masa wanda zai nuna masa yadda ake tsayuwa a sallar jana'iza.

Tsoron da ke hana wasu iyaye rubuta manyan makarantun nan a fam na san shi, kuma ba tsoron banza ba ne. Yawancinsu coci-coci ne suka kafa su. Kakanninmu da suka ƙi kai 'ya'yansu makarantun mishan sun ga yaran da suka tafi da suna ɗaya suka dawo da wani. Sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu na Larabci da Turanci suka samu malaman gwamnati, hankalin iyaye ya fara kwanciya. Duk da haka ba mu manta takaddamar da ta tashi a azumin 2021 kan azumin ɗalibai Musulmi a Wesley Girls ba. Amma wannan ma hujja ce ta shiri da wuri. Uban da ya fara tunani tun shekara biyu kafin ranar cike fam yana da lokacin da zai je makarantar ya gani da idonsa, ya tambayi yadda ake yi da salla da azumi da lulluɓi, ya ji ko akwai reshen ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, ya nemi iyayen da 'ya'yansu suka yi karatu a can. Idan ya gamsu ya rubuta, idan bai gamsu ba ga Islamic Senior High a nan Kumasi, ga Tamale Senior High a arewa, ga wasu da dama. Wanda aka kawo wa fam da daddare kuwa, ko dai tsoro ya zaɓar masa ko abokin ɗansa. Kuma kada yaron makarantar gwamnati ya raina kansa ya ƙi rubuta rukunin A.

Ga wata ƙaramar magana ta magatakarda wadda ta sha jawo kuka a zaurenmu. Sunan da aka rubuta wa yaro ranar rajistar BECE shi ne zai bi shi. Mu kuwa sunan mutum ɗaya sai a rubuta shi iri huɗu: a takardar haihuwa Muhammad, a makaranta Mohammed, a katin ɗan ƙasa Mahamadu, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Ranar da za a nemi jami'a ko tallafin karatu sai a ce mutum uku ne, a shiga zaryar rantsuwa a kotu da buga sanarwa a jaridar gwamnati, wa'adi ya wuce. Ku fito da takardun yaranku yau ku jera su a tabarma ku gwada harafi da harafi.

Kada kuma a fahimce ni a kan cewa kowane yaro sai ya zama likita. Wannan wata cuta ce da ta kama mu, kamar babu wani aiki mai daraja sai na allura. Yaron da lissafi ke ba shi kashi, idan ka tura shi kimiyya don a ce ɗan wane yana kimiyya, ka jefa shi cikin shekara uku na azaba, ya fito da jimillar da ba za ta kai shi ko'ina ba, alhali da an bar shi a fannin adabi da ya fito da takardar da za ta kai shi karatun shari'a. Zango na buƙatar lauya, kuma ni da nake zaman sulhun filaye na fi kowa sanin haka. Yana buƙatar ungozoma da malamin makaranta da mai auna ƙasa. Shirin da nake kira gare shi shi ne uba ya san ɗansa tun da sauran lokaci. Idan kuwa aka zo zaɓi tsakanin makaranta mai suna da za ta ba shi sashen da ba ya so, da makarantar rukunin B da za ta ba shi wanda ya dace da shi, ni dai ta biyun zan ɗauka ba tare da waiwaye ba. Jami'a darussa da maki take ƙirgawa. Ita Tek ma tana da tsari na musamman na ɗaukar haziƙan ɗalibai daga makarantun da ba su da wadatar kayan aiki.

Kuɗi kuwa, tambaya ɗaya zan yi. Kafin 2017 muna biyan kuɗin sakandare da kyar da jiɓin goshi, amma muna biya. Da aka ɗauke mana, ina kuɗin ya tafi? Na san inda wani sashe nasa ya tafi, domin ina ganin sabon yayi a kowane biki da kowane suna. Da rabin abin nan aka zuba a adashi da sunan yaron tun ranar da ya shiga aji ɗaya, da kuɗin fam da na ɗakin kwana a shekarar farko ta jami'a ba su zama abin yawo da ƙoƙon bara a masallaci ba. Akwai tallafi, gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai marasa ƙarfi a Tek, amma irin wannan sai mai kyakkyawan sakamako da takardu a kammale kuma wanda ya ji labari a kan lokaci. Uban da bai yi tanadi ba shi ne abincin 'yan damfara. Kowace shekara sai an kawo wa Baba ƙarar wani da ya karɓi kuɗin mutane da sunan yana da hanya a ciki, ya kashe waya.

A bana, bayan da na mayar wa wani bawan Allah takardar ɗansa na gaya masa gaskiya, ya fita yana share ido da bakin rawani, Baba ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce mini, "Malam, mun gaji da karɓar gaisuwar mutuwa, a fara kiran mu tun mara lafiya na numfashi." Ya sa na rubuta sanarwa aka karanta a masallatan unguwa, cewa yana neman iyayen yaran da ke aji ɗaya da aji biyu na JHS, su kaɗai. Muka gayyato ɗalibanmu uku daga Tek da wata malamar makaranta 'yar unguwa. Mata suka cika zaure har waje, maza kuwa na ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, kuma na rubuta sunayen waɗanda ba su zo ba domin Baba ya ce zai bi su gida-gida. Wata mai sayar da fura ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ni ban san A ban san B ba, amma a gaya mini ranar da za a kawo fam ɗin nan, in hana ta sa hannu sai mun zo nan an karanta mana." Baba ya ce a rubuta wannan a littafi ya zama ƙa'ida.

Zama na gaba Lahadin farko ne bayan an koma makaranta, bayan sallar la'asar. Kowa ya taho da katin sakamakon ɗansa na zangon da ya wuce, da takardar haihuwa, da shi yaron kansa.